Sikin da zai riƙe dusa mai tauri, ya bi gargada, ya ratsa itatuwa: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya fara zamiya kan dusar ƙanƙara da sikin haya (siki shi ne dogon allon nan da ake ɗaurawa a kowace ƙafa), wata rana zai gaji da layin shago ya ce bari ya sayi nasa. Daga nan ruɗani yake farawa, domin kowane kamfani yana da abin da yake kira sikin ko'ina, mai aiki a duk faɗin dutse, alhali faɗinsu da nauyinsu sun sha bamban ƙwarai. Na rubuta waɗannan amsoshi ne da tunanin 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai Kebek da Ontariyo, ko jihohin arewa maso gabashin Amurka irin su Vermont da New Hampshire, ko ƙasashen tsaunukan Alps, inda dusar yawancin ranakun hunturu mai tauri ce, ba garin nan mai laushi da ake nunawa a bidiyo ba. Ina magana ne da wanda ya riga ya iya juyi da ƙafafu a jere, yana sha'awar shiga gargada da cikin itatuwa.

Da gaske akwai siki ɗaya da zai iya duka ukun?

Akwai wanda zai iya su daidai gwargwado, amma babu wanda zai zama zakara a dukkansu, domin abin da kowanne yake nema yana karo da na ɗan'uwansa. Dusa mai tauri, wadda ta narke da rana ta daskare da dare, ko wadda inji ya feso aka daddaɓe ta, tana son siki mai nauyi, wanda ba ya murɗewa, mai dogon kaifi, wato bakin ƙarfen da ke gefen siki, da zai ciji ƙasa daga kai har wutsiya. Gargada, wato tuddan nan da juyin masu zamiya yake tarawa a gangare mai tsauri idan aka bar shi inji bai share shi ya daidaita ba, tana son siki mai lanƙwasawa, wanda kansa zai hau tudu bai cilla ka baya ba, wutsiyarsa kuma ta sake ka ka juya. Itatuwa kuwa hanzari suke nema: ka hango kafa, ka shige, ka rage gudu nan take.

Gargada da itatuwa kusan bakinsu ɗaya. Ƙanƙara ce take ja ta ɗaya gefen. Matsayina shi ne ka zaɓi sikin da zai yi maka sauƙi a gargada da itatuwa, sannan ka nemo riƙon ƙanƙara daga wurare uku: ƙugun siki, wato tsakiyarsa, da bai yi faɗi ba, kaifi mai kyau, da takalmin da ya zauna a ƙafa. Wanda ya bi ta ɗaya hanyar, ya sayi mafi tauri a shago saboda tsoron ƙanƙara, yakan ƙare yana kewaye gargadar da ya sayi sikin dominta.

Lambobi ukun da ake rubutawa a jikin siki, wacce zan fi kula da ita?

Ta tsakiya. Idan ka ga 128-88-110, faɗin kai ke nan, da faɗin ƙugu, da faɗin wutsiya, duk a milimita. Ƙugu shi ne wurin da ke ƙarƙashin takalminka, kuma shi yake fara nuna irin dusar da aka ƙera sikin dominta. Na 'yan tsere bai kai 70 ba. Na garin dusa mai zurfi yakan fara daga wajen 105 ya kai 120 ko fiye. Namu yana tsakani.

Ga mai zamiya a Mont Tremblant na Kebek, ko Stowe ko Killington na Vermont, inda sanyi da narkewa suke karɓa-karɓa, ni ina tsayawa tsakanin 84 da 92. Ga wanda ke Kolorado ko Yuta ko British Columbia, inda sabuwar dusa ta fi sauka, 92 zuwa 100 ba laifi. Wanda yawancin yininsa a kan shararrun hanyoyin Alps yake, sai jefi-jefi ya leƙa gefe, 80 zuwa 88 ya ishe shi.

Ga abin da ke faruwa a ƙafa. Idan ƙugu siriri ne, kaifin ƙarfen yana kusa da tsakiyar tafin ƙafarka, karkata gwiwa kaɗan ya isa ya sa shi ya kama. Idan ya yi faɗi, kaifin ya yi nisa, ƙanƙarar tana ƙoƙarin kwantar da sikin, kai kuma kana kokawa da ita da idon sawu da gwiwa. Ka yi yini guda a haka, da yamma gwiwa za ta gaya maka. A gargada ma, kwarin da ke tsakanin tudu da tudu ƙunci gare shi. Siki biyu masu faɗin 105 sai su riƙa karo da juna, kuma sauyawa daga wannan kaifi zuwa wancan tana cin lokacin da ba ka da shi.

To me ya sa ake ta tallan masu faɗi?

Domin hoton mutum yana iyo cikin garin dusa har ƙirji ya fi jawo mai saye. Kuma gaskiya ne, a irin wannan rana siki mai faɗi akwai daɗi. Amma ka zauna ka tuna ranakun da ka yi a kan dutse hunturun da ya wuce, ka ware waɗanda ka tarar da sabuwar dusa da ta rufe idon sawu. Ga ma'aikacin da ba ya samun fita sai Asabar da Lahadi a gabashin Amurka ko Kanada, ba su da yawa. Ka saya domin ranakun da suka fi yawa. Ran da babbar dusa ta sauka, ka yi hayar mai faɗi na yini ɗaya.

Mai shago ya ce sai mai ƙarfe a ciki ne zai riƙe ƙanƙara. Haka ne?

Akwai ƙamshin gaskiya, amma bai ƙarasa maganar ba. Zuciyar siki katako ce, ana lulluɓe ta da zaren gilashi ko na kabon, wasu kuma a ƙara musu falle ɗaya ko biyu na wani ƙarfe mai suna Titanal, wanda kamfanin AMAG na Ostiriya yake yi, kuma akasarinsa alminiyam ne. Aikinsa biyu: yana hana sikin murɗewa idan ka ɗora shi a kan kaifi, yana kuma shanye girgiza. Duk wanda ya taɓa gudu a kan dusar da ta daskare, ya ji siki yana karkarwa a ƙarƙashinsa kamar zai kuɓuce, ya san darajar wannan.

Matsalar tana wajen yawa. Falle biyu cikakku, sama da ƙasa, daga kai har wutsiya, sukan kai siki ɗaya kilo 2 ko ya ɗara. A shararriyar hanya da gudu, babu kamarsa. Amma a cikin itatuwan Jay Peak na Vermont, idan ba ka da ƙarfin cinya da ƙwarewa, tamkar shiga lungun unguwa ne da tirela. Shi ya sa kamfanoni da yawa yanzu suke yanka ƙarfen, su bar shi da faɗinsa a ƙarƙashin ƙafa, su sirance shi ko su cire shi wajen kai da wutsiya. Ga aikin da muke magana a kai, wannan tsarin na fi so: inda kake danna kaifi akwai ƙarfi, inda kake juyawa babu nauyi.

Nauyin jikinka ma yana cikin lissafi. Mai kilo 95 da ke son gudu zai lanƙwasa falle biyu ba wahala, siki mara ƙarfe ma yana iya yi masa laushi da yawa. Mai kilo 60 kuwa, sau da yawa sikin ne zai riƙa tafiya da shi.

A gargada, wane ɓangare na siki ne ya fi wahalar da mutane?

Wutsiya, kuma ita ce aka fi mantawa da ita a shago. Ka sauko daga kan tudu, kan sikin ya faɗa kwari, ka ɗan makara, nauyinka ya koma dunduniya. Wannan yana samun kowa, har ƙwararru. Abin da zai biyo baya a hannun wutsiya yake. Idan mai tauri ce, shimfiɗaɗɗiya, mai faɗi a ƙarshe, sai ta lanƙwashe ta tara ƙarfi ta harba ka gaba, ka isa tudu na biyu da gudun da ba ka nema ba, kana zaune a baya. A tudu na uku, ko faɗuwa ko ficewa daga layi. Idan kuwa mai ɗan taushi ce, ƙarshenta ya ɗan ɗaga, an ɗan tsuke shi, sai ta zame gefe ta goge maka gudu, ta ba ka damar mayar da ƙwaurinka jikin harshen takalmi.

Kana iya jin wannan da hannu. Ka juya sikin kai a ƙasa, ka riƙe ƙarshen wutsiya da hannu ɗaya, ka danna bayan wurin takalmi da ɗayan. Ka yi wa siki uku haka a jere, bambancin zai fito fili. Abin da kake nema shi ne lanƙwasa da ke tafiya a hankali ba tare da wani wuri ya karye kamar gaɓa ba. Kada kuma ka zarce: wutsiyar da ta yi laushi tilis za ta wanke a ƙarshen kwana a kan ƙanƙara, ta bar ka kana juyawa ba da sonka ba.

Kan sikin ma yana da nasa. Mai taurin kai yana dukan tudu ya mayar maka da bugun a gwiwa. Mai matsakaicin taushi yana hawa ya bi siffar tudun.

Ana maganar doro da ɗagi. Mene ne su?

Ka haɗa siki biyu ciki da ciki, ka ɗaga su wajen haske. Tazarar da za ka gani a tsakiya ita ce doro. Idan ka tsaya a kan siki, doron yana shimfiɗewa ya raba nauyinka a tsawon kaifin, kuma daga nan riƙon ƙanƙara yake fitowa. Yanzu ka matse tsakiyar da hannu har tazarar ta rufe, ka duba inda kawunan biyu suka fara rabuwa da juna. Idan tun da nisa suka rabu, wannan shi ne ɗagi.

Ɗagi ya yaɗu ne bayan sikin Spatula na kamfanin Volant, wanda gwanin zamiya Shane McConkey ya tsara ya fito wajen 2002, bisa dabarar sikin kan ruwa, domin garin dusa mai zurfi. Daga baya aka gane cewa ɗagi kaɗan yana sauƙaƙa juyi a ko'ina, yanzu kusan babu sikin ko'ina da ba shi da shi. Abin da ya dace da mu: doro na sosai a ƙarƙashin ƙafa, ɗagi matsakaici a kai, kaɗan a wutsiya. Idan ɗagin ya yi yawa, kaifin da ke taɓa dusa ya gajarce, kan sikin kuma ya riƙa kaɗawa a iska idan ka yi gudu a wuri mai tauri.

Lambar mita da ake rubutawa fa, kamar 17?

Gefen siki ba miƙaƙƙe ba ne, an ɗan fafe shi a ƙugu. Da za a ci gaba da zana wannan lanƙwasar har ta zama da'ira, nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar da bakinta shi ne lambar. Ƙarama tana nufin gajeriyar kwana. Sikin tseren gajerun kwanoni yana wajen mita 12 zuwa 13, na tseren manyan kwanoni a gasar cin kofin duniya kuwa doka ta ce kada ya gaza 30. Kafin shekarun 1990, lokacin da SCX na kamfanin Elan da ire-irensa suka kawo fafewa mai zurfi, sikin jama'a kusan miƙaƙƙe ne.

A nan mutane da yawa suke kuskure. Sai su ce tunda gargada da itatuwa gajerun kwanoni ne, bari su nemi ƙaramar lamba. Amma a gargada ba yanka kwana ake yi da kaifi ba, murza sikin ake yi a kan tudu a bar shi ya zame. Siki mai zurfin fafewa, faɗin kai da faɗin wutsiya, yana kama dusa tun ba ka shirya ba, ya ƙi saki lokacin da kake so. Mita 15 zuwa 19 ita ce madaidaiciya. Ka kuma lura cewa lambar tana ƙaruwa da tsawon sikin, don haka ka duba ta tsawon da za ka saya.

Wane tsawo zan ɗauka?

Ka tsayar da sikin a gabanka, kansa ya faɗo tsakanin hancinka da saman kanka. Mai tsawon santimita 175, misali, zai duba tsakanin 168 da 175. Idan ka faɗa tsakanin girma biyu, ka bar sikin ya yanke hukunci: mai ɗagi sosai, mara nauyi, ka ɗauki babban, domin a kan dusa yana zama kamar ya fi gajarta, mai falle biyu da shimfiɗaɗɗiyar wutsiya, ka ɗauki ƙaramin.

Kada ka ji tsoron cewa ɗan gajeren siki ba zai riƙe ƙanƙara ba. 'Yan tseren gajerun kwanoni suna sauka a kan hanyar da aka zuba wa ruwa ta daskare, da sikin santimita 165 ga maza, 155 ga mata. Abin da gajarta take ragewa shi ne natsuwa a babban gudu. Kuma idan ta yi yawa, a gargada za ka rasa abin da zai tallafe ka gaba da baya.

Ka ba ni sunaye.

Zan bayar, da sharaɗin ka ɗauke su a matsayin mafarin gwaji. A ɓangaren masu nauyi da ƙarfe akwai Enforcer na Nordica, da Mantra na Völkl (wanda ake kira Kendo 88 a da, yanzu Mantra 88 ne), da Anomaly na Blizzard da ya gaji Brahma, da Stormrider na Stöckli, wanda tsada ce kawai laifinsa. Waɗannan na mai ƙarfi ne, mai son gudu, wanda gargada ba ta firgita shi. A tsakiya akwai Mindbender 89Ti na K2, da Maverick 88 na Atomic, da Rustler 9 na Blizzard. A ɓangaren masu sauƙin juyi akwai QST na Salomon da Ripstick na Elan, wanda bututun kabon aka sa masa maimakon ƙarfe, kuma yana da na dama da na hagu.

Da ɗan'uwana zai tambaye ni, ba tare da na ga zamiyarsa ba, daga na tsakiya zan ce ya fara. Kuma a kula: kamfanoni suna canza cikin siki su bar sunan, don haka yabon da aka yi wa na shekaru huɗu da suka wuce ba lallai ya shafi na bana ba.

Me zai hana in sayi irin na 'yan gasar gargada?

Gasar gargada ta zama wasan lambar yabo a Olamfik tun Albertville a 1992, inda Edgar Grospiron na Faransa ya ci zinare, daga baya kuma Mikaël Kingsbury ɗan Kebek ya mamaye ta. Sikinsu siriri ne, ƙugu bai kai 70 ba, kusan miƙaƙƙe. A layin gargada abin sha'awa ne. Amma yana nutsewa a dusar cikin itatuwa, kuma ba ya yanka kwana mai daɗi a shararriyar hanya. Siki na biyu ne, ba na farko ba.

Sikin da nake da shi yana zamewa a ƙanƙara. In sayi sabo?

Dakata tukuna. Sau da yawa ba sikin ba ne, kaifin ne ya mutu. Ka goga bayan farcen babban yatsanka a kan kaifin, daidai ƙarƙashin wurin takalmi. Idan ya kankare farcen ya bar ɗan farin gari, da sauransa. Idan ya wuce sumul, ya dakushe. Dusar inji da duwatsun farkon hunturu suna cin kaifi da sauri, kuma sikin da ya fi kowanne tsada ba zai kama komai da dakusasshen baki ba.

Idan ka kai shi wajen mai gyara, ka faɗa masa kusurwar da kake so. Digiri 1 a ƙasa da digiri 2 a gefe ita ce ta gama-gari. Wanda ke fama da ƙanƙara kullum yana iya neman 3 a gefe: ya fi cizo, sai dai ya fi buƙatar kulawa. Ta ƙasan kuwa ka bar ta a 1. Idan aka rage ta zuwa rabin digiri, sikin zai riƙa kamawa da wuri, abin da ɗan tsere yake so, mai gargada kuma ba ya so. Ka sayi ɗan dutsen goge kaifi ka ajiye a aljihu domin cire tsinin da dutse ya bari, kuma ka share ruwa daga kaifin kafin ka ajiye siki, saboda tsatsa.

Abu na biyu takalmi ne. Idan dunduniyarka tana ɗagawa a ciki, ko ƙafarka tana yawo gefe da gefe, umarnin da ka ba gwiwa ba ya isa kaifi sai ya makara. Yawancin masu farawa suna sayen takalmin da ya fi ƙafarsu girma, domin shi ya fi daɗi a shago, sannan soson ciki ya kwanta bayan 'yan kwanaki ya ƙara faɗi. A auna ƙafarka a santimita, tsawo da faɗi, wajen wanda ya san aikin. In kuɗin bai isa duka biyu ba, takalmi ne gaba da siki.

Na uku kuma kai ne. A ƙanƙara, nauyi a kan ƙafar waje yake, ta ɓangaren gangare. Wanda ya karkata jikinsa duka zuwa dutse saboda tsoro, ya ɗauke nauyi daga kaifin da ya kamata ya riƙe shi. Darasi ɗaya wajen malami yakan gyara abin da sabon siki ba zai gyara ba.

Ni mace ce. Dole sai na sayi na mata?

A'a, 'yar'uwa. Black Pearl na Blizzard da Santa Ana na Nordica suna da kyau, kuma amfaninsu shi ne ana samun su a gajerun tsawo, da taushin da ya dace da mara nauyi. Amma siki nauyi da ƙarfi da gudu ya sani. Doguwar mace mai ƙarfi ta gwada kowanne, namiji mara nauyi ma kada ya ji kunyar gwada waɗannan.

Maƙalar takalmi fa?

Maƙala ita ce abin da ke riƙe takalmi a kan siki. Abu uku za ka kula da su. Birkinta ya yi daidai da ƙugun sikin ko ya fi shi kaɗan, kada ƙarin ya wuce milimita 15. Ta dace da irin tafin takalminka, domin masu tafin GripWalk, wani tafin roba mai sauƙaƙa tafiya a ƙasa, ba kowace tsohuwar maƙala suke shiga lafiya ba. Sannan lambar sakin, wadda ake kira DIN, ma'aikacin shago ne zai saita ta, bisa nauyinka da tsawonka da shekarunka da tsawon tafin takalmi da irin zamiyarka. Kada ka ƙara ta da kanka don siki ya cire maka sau ɗaya a gargada. An yi ta ne ta saki kafin ƙashi ya karye. Wurin ɗaurawa kuma ka bi layin da kamfani ya zana.

Akwai abin da ya kamata in sani game da itatuwa wanda ba na siki ba?

Akwai, kuma ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Hular kwano wajibi ce, tabarau ma haka, saboda rassa. Ka zare hannunka daga igiyar sanda kafin ka shiga, don idan sandar ta maƙale a reshe ta tafi ita kaɗai, ba da kafaɗarka ba. Ka dubi kafar da ke tsakanin itatuwa, kada ka dubi itacen, domin inda ido ya tsaya nan jiki yake nufa. Kada ka shiga kai kaɗai, kuma ku riƙa ganin juna, ba wai ku haɗu a ƙasa ba.

A wuraren da dusa ke taruwa da zurfi, musamman yammacin Amurka da Kanada, gindin itatuwa masu rassa har ƙasa yana da rami da rassan suka ɓoye. Wanda ya faɗa ciki da ka yana iya kasa fita ya shaƙe, kuma ana rasa rayuka a haka. A gabas kuwa abin tsoro shi ne kututture da dutse da ke ƙarƙashin dusa mara kauri a farkon hunturu. Ka fara da dazuzzukan da aka rage wa itatuwa da gangan, irin na Mont Sutton a Kebek, kafin ka nufi matsattsun wuraren Mad River Glen a Vermont.

Yaya zan gwada kafin in saya?

Shagunan da ke gindin dutse da yawa suna ba da hayar sababbin samfura, ka canza a yini ɗaya, wasunsu ma su cire kuɗin hayar daga farashi idan ka saya. Ka zaɓi rana mai tauri, domin a dusa mai laushi kowane siki gwani ne. Ka tafi da takalminka. Ka bi hanya ɗaya da kowanne: shararriya da sassafe, layin gargada da ka sani, sannan ɗan daji. Ka duba kaifin kowanne da farce kafin ka fita, kada ka yanke wa siki hukunci kan laifin mai gyara.

Ka fi ba da muhimmanci ga yadda sikin yake da la'asar, lokacin da cinya ta gaji ka fara kuskure. Wanda ya burge ka a saukar farko daban, wanda zai yafe maka a ta ƙarshe daban. Ba sai ka kai shi shahararrun wuraren gargada irin su Outer Limits na Killington ko Mary Jane na Kolorado ko gangaren Chavanette da ke iyakar Faransa da Suwizalan ba. Gargadar da kake bi kullum ita ce ma'auni.

Ina zaune a gida, sai sau ɗaya a shekara nake samun tafiya. In saya?

Kada ka sayi siki. Kuɗin ɗaukarsa a jirgi da wahalar jan doguwar jaka sun fi hayar mako guda ciwo, kuma da haya kana zaɓar wanda ya dace da dusar da ka tarar. Takalmi da hular kwano su ne abin saye. Wanda hanyarsa take bi ta Dubai yana iya sabunta ƙafarsa a Ski Dubai, zauren dusar da aka buɗe a 2005, a Maroko kuma akwai Oukaïmeden kusa da Marrakesh idan dusa ta sauka.

Na hannu fa, ko na bara da ya yi kwantai?

Na bara da ba a taɓa hawa ba shi ne ciniki mafi kyau, domin sau da yawa fenti kawai aka canza. Farashi yana sauka daga watan Maris, da kuma kafin hunturu ya kama, lokacin da shaguna suke neman wurin sababbi.

Na hannu sai an bincika. Ka haɗa su ciki da ciki ka ga ko doron yana nan kuma daidai yake a duka biyun. Ka bi kaifin da yatsa a hankali, kana neman tsagewa ko wurin da ya lotsa ciki, musamman ƙarƙashin ƙafa. Ka duba kaurin ƙarfen: wanda aka wasa har ya sirance ba shi da sauran wasawa. Karce a ciki ana cikewa, amma ramin da ya kai katako kusa da kaifi, ko fatar sama da ta fara ɓarewa, yana shigar da ruwa. Ka ƙirga ramukan da aka huda na maƙala, domin sikin da aka huda sau uku ya yi rauni a wurin da ya fi buƙatar ƙarfi. Sannan ka kai maƙalar shago kafin ka biya: a Amurka da Kanada, idan ta tsufa har kamfani ya cire ta daga jerin waɗanda yake ɗaukar alhakinsu, ma'aikata ba za su yarda su saita maka ita ba, kuma kuɗin sabuwa zai cinye rangwamen da ka samu.